Me ya sa tsohuwar fitilar silin ta shekarun 1950 ta fi sabuwa daraja?

Wani mai karatu da ke shirin ƙawata sabon gidansa ya aiko da tambaya. Ya ce yana neman fitilun da zai rataya a falo da ɗakin cin abinci, sai ya ci karo da wasu tsofaffi, ƙirar Turai na tsakanin shekarun 1930 da 1970, waɗanda ba su da wani ado sai ƙarfe da gilashi, amma kuɗin ɗaya zai sayi sababbi masu ƙyalƙyali da yawa. Yana so ya san abin da ya ba su wannan daraja, daga ina ƙirarsu ta samo asali, kuma ta yaya mutum zai bambanta ta gaske da jabu.

Amsar tana farawa ne daga wata matsala da mu yau ba ma lura da ita saboda mun saba, wato ƙwan lantarki tsirara yana kashe ido. Kafin zuwan lantarki, hasken da ɗan Adam ya sani na harshen wuta ne, ko na kyandir, ko na fitilar kananzir, ko na iskar gas, kuma irin wannan haske mai laushi ne, mutum yana iya kallonsa kai tsaye bai ji zafi ba. Da ƙwan lantarki ya bazu bayan aikin Edison na 1879, musamman da aka koma yin zaren cikinsa da ƙarfen tungsten a farkon ƙarni na 20, sai aka samu haske mai ƙarfi ƙwarai yana fitowa daga wuri ɗan ƙarami. Masu ƙera fitilu na farko ba su san yadda za su yi da shi ba, don haka suka ci gaba da ƙera siffofin da suka gada, wato manyan fitilu masu rassa irin na kyandir, suka dasa ƙwai a inda kyandir yake a da, ko kuma suka lulluɓe shi da yadi mai geza wanda ke cinye rabin hasken. Masu zayyana na sabon salon zamani, waɗanda suka taso bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, su ne suka fara tambayar da ta dace: idan wannan sabon haske ne, wace siffa ce hasken da kansa yake bukata? Duk fitilar da ta cancanci kuɗin da mai tambaya ya gani, amsa ce ga wannan tambaya, kuma da wannan ma'auni nake auna su.

A Jamus aka fara ɗaukar lamarin a matsayin darasin makaranta. Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, kuma matsin lambar 'yan Nazi ya rufe ta a Berlin a 1933. A sashen aikin ƙarfe na makarantar, ƙarƙashin László Moholy-Nagy, wata ɗaliba mai suna Marianne Brandt ta zayyana yawancin fitilun da aka sanya a sabon ginin Dessau, kuma daga baya ita ce ta riƙe sashen na wani lokaci, abin da ba a saba gani ba ga mace a wancan zamani. Fitilunta ƙwallon gilashi ne fari kamar madara, wanda ke baza haske ko'ina ba tare da an ga ƙwan ba, an riƙe shi da siraran sandunan ƙarfe. Akwai kuma wadda ta yi tare da Hans Przyrembel a 1926, mai murfin alminiyam, wadda ake jawowa ƙasa ko a tura sama gwargwadon aikin da ake yi a kan teburi. Abin da ya sa wannan aiki ya yi tasiri shi ne an yi shi domin masana'anta, kuma kamfanin Körting & Mathiesen na Leipzig ya riƙa ƙera wasu daga cikin zayyanar makarantar da sunan Kandem, aka sayar da su da yawa. Duk wanda ya taɓa ganin farin ƙwallon gilashi a silin ɗin tsohon asibiti ko ofis, ya ga jikan wannan tunani.

Sai dai idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya wanda ya fi kowa fahimtar matsalar, ba zan yi jinkiri ba wajen ambaton Poul Henningsen na Denmark, wanda ya rayu daga 1894 zuwa 1967, kuma a kansa zan fi tsayawa. Ya tashi a gidan da ake kunna fitilar kananzir, kuma ya yi rayuwarsa yana ƙoƙarin mayar da laushin wancan haske cikin lantarki. Bai gamsu da farin ƙwallon gilashi ba, domin a ganinsa irin wannan haske yana bazuwa daidai wa daida ta kowace fuska, ba ya bambanta teburin da ake aiki a kai da bangon da babu kowa. Abin da ya ƙirƙiro shi ne jerin murafai uku, babba a sama, matsakaici a tsakiya, ƙarami a ƙasa, kamar an kife kwanuka uku an bar rata a tsakaninsu, kuma girman su yana bin lissafin 3:2:1. Lanƙwasar kowane murfi ba ta son rai ba ce. Ya ɗauko ta ne daga wani layin lissafi mai naɗewa irin na bayan dodon koɗi, yadda hasken da ya bugi cikin murfin zai dawo ƙasa a hankali, yana raguwa daga tsakiya zuwa baki. Sakamakon shi ne duk inda mutum ya zauna ba zai ga ƙwan ba, amma teburin yana da haske sosai, ɗakin kuma yana samun rabonsa. Fitilunsa na farko sun ci lambar zinariya a baje kolin Paris na 1925, tsarin murafai ukun kuma ya kammala a 1926 lokacin da aka ba shi da kamfanin Louis Poulsen aikin haskaka zauren Forum na Kopenhagen. Daga nan har ya rasu da wannan kamfani ya yi aiki.

Shekarar 1958 ce ta fitar da fitilunsa biyu da mai tambaya zai fi cin karo da su. Ta farko ita ce PH 5, wadda PH ɗinta haruffan farkon sunansa ne, lamba 5 kuma ta fito daga faɗin babban murfinta, santimita 50. Dalilin yin ta abin sha'awa ne: masu ƙera ƙwai sun yi ta sauya girma da siffar ƙwan, abin da ke ɓata lissafin tsofaffin fitilunsa, sai ya zayyana wadda za ta ɓoye ƙwan ko wane iri aka saka mata. Ya kuma shafa ja da shuɗi a wasu ƙananan sassa na ciki domin su gyara launin hasken da ƙwan wancan zamani ke bayarwa. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne, alhali aiki suke yi. An yi ta ne domin a rataya ta ƙasa-ƙasa a kan teburin cin abinci, kimanin santimita 60 daga saman teburin, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a manna ta can kusa da silin, inda duk hikimarta ke tafiya a banza. Ta biyun ita ce PH Artichoke, mai sunan wani kayan lambu da ganyayensa ke jere kan juna, wadda ya yi wa gidan cin abinci na Langelinie a Kopenhagen. Tana da ganyayen ƙarfe 72, an jera su layi 12, kowane layi shida, kowane ganye yana rufe ratar da na samansa ya bari, ta yadda babu kusurwar da za a hango ƙwan. Na asalin da jan ƙarfe aka yi su. Tana da kyau ƙwarai, amma gaskiya fitilar babban zaure ce, kuma na sha ganin ta a ɗakin da ya yi mata kaɗan tana danne duk abin da ke ciki.

Masu zayyana na Finland sun bi hanya mai kama da wannan. Lokacin da Alvar Aalto da matarsa Aino suka zayyana asibitin masu tarin fuka na Paimio, wanda aka kammala a 1933, sun lura cewa majiyyaci a kwance yake wuni, idonsa a kan silin, don haka suka ɗauke fitilar daga inda idonsa ke sauka, suka sa hasken ya bugi silin kafin ya iso gare shi. A ganina babu misalin da ya fi wannan bayyana abin da ake nufi da cewa amfani ne ke haifar da siffa. Paavo Tynell na kamfanin Taito shi kuma ya shahara da tagulla mai ƙananan huji, wadda haske ke tsiyayowa ta cikinta, kuma fitilunsa suna cikin waɗanda suka fi tsada a gwanjo a yau.

Italiya ce ta zo da abin da ya so ya karya ƙa'idar da na kafa a sama, kuma adalci ne in faɗe shi. Gino Sarfatti, haifaffen Venis a 1912, ya fara karatun injiniyan jirgin sama, matsalar kuɗi a gidansu ta sa ya bari, ya kafa kamfanin Arteluce a Milan a 1939. Bai ba fitilunsa sunaye ba, lamba kawai yake sa musu. Mai lamba 2097 ta 1958 ta ɗauki tsohuwar siffar fitila mai rassa ta tuɓe mata komai: sanda ɗaya a tsakiya, siraran hannaye 30 ko 50 a kewaye, kowane da ɗan ƙaramin ƙwai tsirara a bakinsa, wayoyin kuma a fili suke, suna lanƙwasowa daga sandar zuwa kowane hannu, su ne ma adon. To ina maganar ɓoye ƙwai? Amsar ita ce Sarfatti ya warware matsalar ta wata hanya, domin ya raba hasken ne gida talatin ko hamsin, kowane ƙwai mai rauni, yadda babu ɗayan da zai soki ido, kamar yadda kyandirori suke a da. Wannan ne ya sa idan aka cika ta da ƙwai masu ƙarfi take zama azaba ga masu zama a ɗakin. Ya sayar da Arteluce ga kamfanin Flos a 1973, kuma Flos na ci gaba da ƙera wannan fitila.

A Faransa Serge Mouille, wanda asalinsa maƙerin azurfa ne, ya yi baƙaƙen fitilu masu dogayen hannaye sirara a shekarun 1950, kowane hannu yana juyawa, kowane murfi yana karkata inda ake so, kuma da hannu aka ƙera su a ƙaramin shagonsa, shi ya sa na asalin ba su da yawa. A Amurka George Nelson ya ga wata fitilar Suwidin mai rufin siliki wadda tsadarta ta hana shi saya, sai ya tuna wani ruwan roba da sojoji ke fesa wa jiragen ruwa idan za a ajiye su, ya fesa shi a kan ƙashin waya, aka samu fitilun Bubble da suka fito a 1952. Isamu Noguchi kuwa ya je garin Gifu na Japan a 1951, garin da aka sani da fitilun takarda, ya ɗauki tsohuwar sana'ar takarda da gora ya sa mata ƙwan lantarki, ya kira su Akari. Kowannensu da kayan aikinsa, amma abin da suke nema ɗaya ne.

Akwai wata iri da ake kira Sputnik, mai ƙwallo a tsakiya da sanduna suna fita ta ko'ina. Sunan ya fito daga tauraron ɗan Adam na farko da Tarayyar Sobiyet ta harba a watan Oktoban 1957, amma siffar ta riga tauraron, kuma kamfanoni masu yawa sun ƙera ta ba tare da an san mai zayyana ba. Saboda haka sunan Sputnik salo yake nunawa, ba asali ba, kuma idan mai sayarwa ya jingina ta ga wani shahararren mai zayyana ba tare da hujja ba, a yi hattara. Da yawa daga cikinsu suna da kyau a hoto, amma ba su warware matsalar kashe ido ba ko kaɗan.

Yanzu ga batun kuɗi da jabu. Fitilar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin waɗannan mutane tana faɗawa ne cikin ɗayan gida uku. Akwai tsohuwa ta asali, wadda aka ƙera a zamanin mai zayyanar, a masana'antar da ya yi aiki da ita. Akwai sabuwa mai izini, wadda kamfanin da ke riƙe da haƙƙin zayyanar yake ƙerawa yau, kamar Louis Poulsen ga fitilun Henningsen, ko Flos ga 2097, ko Artek ga na Aalto. Wannan ba jabu ba ce, kuma ga wanda haske yake nema ba tarihi ba, sau da yawa ita ce ta fi, domin wayarta sabuwa ce kuma an daidaita ta da ƙwan zamani. Sai kuma kwaikwayo, wanda ya kwafi siffa daga hoto ba tare da ya fahimci lissafin ba. Ya kamata a sani cewa tsufa kaɗai ba ya kawo tsada. PH 5 an ƙera ta da yawa ƙwarai tun 1958, har ta zama kayan gida na yau da kullum a Denmark, don haka tsohuwarta ba ta da wuyar samu, kuma sau da yawa ba ta kai sabuwa kuɗi ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin abu, da sanin inda ya fito, da kasancewar sassansa duka na asali ne, kamar yadda yake ga fitilun Mouille da Tynell da na Henningsen na kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Hanyar gwaji da na fi amincewa da ita ita ce a kunna fitilar a zagaya ta. Idan PH ce kuma aka hango ƙwan ta wata kusurwa, ko aka ga haske yana zubowa da kaifi ta tsakanin murafai, to ko dai kwaikwayo ce, ko an haɗa ta da sassan da ba nata ba. Bayan haka a duba nauyi da kaurin ƙarfen, a duba yadda aka haɗa sassa, domin na asali suna da tsabtar haɗi ko a wurin da ido ba ya kaiwa. A duba tambarin kamfani a cikin murfi ko kusa da mazaunin ƙwai, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, saboda takardar tambari tana ɓallewa daga ta gaske, ana kuma iya manna ta a jikin ta ƙarya. Tsufa na gaske ba ya zuwa daidai wa daida: fentin da ke kusa da ƙwai ya fi dafewa saboda zafin shekaru, tagulla ta fi duhu a lungun da hannu ba ya taɓawa. Idan aka ga tsatsa ko dusashewa ta rufe ko'ina bai ɗaya, akwai alamar da gangan aka yi ta. Wanda ya samu ta gaske kuma, kada ya kai ta a goge tagullar har ta yi ƙyalli ko a sake mata fenti, domin masu tara irin waɗannan kaya suna ɗaukar wannan dusashewar a matsayin shaidar shekarunta, kuma gogewa tana rage mata daraja.

Abin da ya halatta a sauya, har ma ya wajaba, shi ne waya. Rufin tsohuwar waya na roba ko na zare yana bushewa ya farfashe, kuma fitilu da yawa na wancan zamani jikinsu ƙarfe ne amma ba su da wayar da ke kai wuta ƙasa idan an samu matsala. Dole ƙwararren mai aikin lantarki ya duba ta kafin a rataya, ya sauya wayar, ya ajiye tsofaffin sassan da ya cire domin suna cikin tarihinta. Idan mai tambaya a Nijeriya ko Nijar yake, fitilar da ta fito daga Turai ta dace da ƙarfin wutarmu na kusan bolt 230, amma wadda ta fito daga Amurka an yi ta ne domin bolt 120, don haka sai an duba mazaunin ƙwanta da wayarta. Yawancin na Turai ƙwai mai murɗawa suke ɗauka, ba mai fil biyu da aka gada daga Ingila ba. A kuma tuna cewa silin ɗin POP ba ya ɗaukar nauyi. Babbar fitila sai an kafa mata ƙugiya a jikin kankare ko katakon rufi. Idan akwai fanka a ɗakin, kada hasken ya kasance a saman fukafukanta, domin inuwar da ke giftawa tana gajiyar da ido. Ƙurar hunturu ma abin lissafi ce: ganye 72 na Artichoke kowanne sai an share shi, kuma takardar Akari ba ta jure ruwa ko gugar tsumma, sai dai a kaɗe ta da buroshi mai laushi.

Saura zaɓen ƙwai, wanda mutane suka fi rainawa alhali shi ne rabin aikin. An zayyana waɗannan fitilu ne a kan ƙwai mai zare, wanda ke fitar da haske mai ɗumi ta kowace fuska daga wuri guda, kuma Tarayyar Turai ta janye irin wannan ƙwai daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012. Ƙwan LED mai arha yakan jefa haskensa gaba kawai, gindinsa kuma ya toshe na baya, sai murfin sama ya zauna cikin duhu, lissafin mai zayyana ya rushe. Abin da ya dace shi ne LED mai baza haske ko'ina, mai girma kusa da na tsohon ƙwai domin tushen hasken ya faɗa daidai inda aka tsara, mai launin ɗumi na kelbin 2700 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), wanda kuma ma'aunin yadda yake nuna ainihin launin abubuwa ya kai 90 cikin 100 ko ya wuce. Farin haske mai shuɗi-shuɗi na kelbin 6500, wanda ya cika shagunanmu, yana mayar da tagulla kamar gwangwani, yana kuma sa abinci da fuskokin mutane su yi fari fat. Ga mai rassa irin ta Sarfatti, a nemi ƙwai marasa ƙarfi, a haɗa da makunnin da ke rage haske, a kuma tabbatar ƙwan yana karɓar ragewar, domin ba kowane LED ne ke yi ba.

Ga falon da mai tambaya ya ambata, shawarata ita ce kada ya ɗora wa fitilar silin ɗaya dukkan aikin. Ya rataya PH 5 ko makamanciyarta a kan teburin cin abinci, a tsayin da na faɗa, a falon kuma ya sa mai baza haske irin ta takarda ko farin gilashi, sannan ya ƙara fitila ɗaya ko biyu a ƙasa kusa da wuraren zama. Idan kuɗin bai kai na asali ko mai izini ba, ya fi masa alheri ya sayi fitila marar suna wadda ta ɓoye ƙwanta da kyau a kan kwaikwayon Artichoke da ke barin haske yana tsere ta tsakanin ganyaye, kuma kafin ya biya ya nemi a kunna masa ita, ya zauna a kujera a ƙarƙashinta na ɗan lokaci kamar yadda zai zauna a gida.